Awon Gajimare

Ran Talata aka turo ni unguwar Ali Ɗan Tsoho,
hawa na biyu, bisa shagon mai taya,
in auna abin da ba ya shiga tiya.
Kamfanin sayen aya ne.
Manoma dubu tara da ɗoriya a littafinsu,
littafin kuwa ba ya cikin ɗakin.

"Yana gajimare," in ji Saluhu,
yaron da ke kiwon na'urorin,
ya nuna sama da bakin alƙalami.
Na ɗaga kai. Fanka ce kawai,
ita ma a tsaye, an ɗauke wuta tun hantsi.

Na ce, gajimaren nan naku,
a wace ƙasa yake kwana?
Doka tana so ta sani.
Ya ce bari ya duba. Ya duba har azahar.
Ashe rumbun haya ne a ƙetaren teku,
mai rumbun ya aiko sharuɗɗa shafi sittin,
ba wanda ya kai na uku,
an dai danna "na yarda", aka tashi cin tuwo.

Kakata a Cadawa tana da rumbu.
Mutum biyu ke hawansa,
kuma ta san sawun kowanne.

Nan mabuɗi goma sha ɗaya na ƙirga.
Ɗaya na Nafi'u ne,
wanda ya tafi haƙar zinariya Jado bara waccan,
har yau in ya taɓa, ƙofa za ta ce masa sannu da zuwa.
Kalmar sirrin babban mabuɗi
tana manne a gindin tebur:
lambar motar Alhaji ce, da shekarar da ya sauke farali.

Da la'asar Alhaji Bizo ya hawo yana haki,
an biyo shi da kilishi cikin takardar siminti.
"Malama Habsu, tsakani da Allah,
an taɓa yi mana sata?"
Na ce, ban gani ba, Alhaji.
Amma rashin ɓarawo ba ƙyaure ba ne.
Kuma littafin shiga da fita a kashe yake,
ko an yi, wa zai ba mu labari?
Ya yi shiru. Ya tura mini kilishin.
Na tura masa takardar sa hannu.

Sai na ce a buɗe mini sunaye, in ɗebi samfur
kamar yadda ake soka buhu.
Layi na dubu huɗu da ɗari da sha biyu:
Jadi Ɗan Baƙo, Cadawa.
Buhun taki biyu, an biya.
Lambar waya. Hoton katin ɗan ƙasa,
hular nan da ta karkace hagu.
Ga dangwalen babban yatsa,
har da tabon da lauje ya bari.

Damina uku ke nan da muka kai shi makwanci.
Ba wanda ya gaya wa gajimare.

Takardata tana tambaya, cikin sanyin murya:
an ajiye bayanan da amfaninsu ya ƙare?
Akwati biyu ne, i da a'a.
Saluhu ya ce, "Malama, ko in kawo ruwa?"
Na ce a'a, yajin kilishi ne.
Ban ko taɓa kilishin ba.

Na rubuta: a karɓe mabuɗin Nafi'u yau.
A canza kalmar sirri. A kunna littafin ƙofa.
A karanta shafi sittin ɗin, duka.
Na rubuta: a goge waɗanda suka gama da ku.
Alƙalamin ya tsaya a "goge",
sai da na danna shi.

Da na sauko, hadari ya haɗu ta wajen Gulbi,
baƙi ƙirin, na gaske.
Ɗan kabu-kabu ya ce, "Hau da sauri, Hajiya,
wannan ba ya riƙe abin da aka ba shi."